Yadda ake gina ƙaramin gida a kan tirela, da yadda ake zama a cikinsa

Ƙaramin gida mai tayoyi gida ne da ake ginawa kai tsaye a kan shasin tirela, da wurin kwana da kicin da banɗaki duk a cikin filin da bai fi shago ɗaya ba. A Amurka abin ya yi ƙarfi. Jay Shafer ya gina nasa a jihar Iowa a 1999, ya kuma kafa kamfanin Tumbleweed, sannan rikicin bashin gidaje na 2008 ya tura mutane da yawa neman mazaunin da ba sai sun ci bashin banki na shekara talatin ba. A can na koyi aikin, don haka da ƙafa da inci zan yi bayani, awon da kafintocinmu ma suka saba da shi. Inda kayan can ba sa samuwa a Kano ko Maraɗi, zan faɗi abin da zai maye gurbinsu.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka riƙe wannan: gidan nan mota ce za ta ja shi. Duk katakon da ka ɗora nauyi ne a kan taya, duk ramin da ke kan titi kuma sai ginin ya ji shi a jikinsa. Kusan kowace shawara da ke ƙasa daga nan ta fito. In kana da filinka, kuma ka san har abada ba za ka motsa gidan ba, ka je ka sayi bulo da siminti, zai fi maka sauƙi da araha. Mai tayoyi na wanda ke zaune a filin aro ne ko na haya, ko mai gona a nesa da gari, ko wanda aikinsa ke ɗauke shi daga wani wuri zuwa wani.

Kayan aiki

Tef ɗin awo, sukwaya, filam mai tsawon ƙafa 4, igiyar alli, guduma, zarton lantarki da na hannu, almakashin yankan kwano, sifana, tsani biyu, da jak guda huɗu. Injin huda mai batir, in da hali ka sami biyu, ɗaya na huda ɗaya na ɗaure sukuru, don canza baki kowane minti yana cin lokaci. Tabarau na kare ido da safar hannu. Bindigar ƙusa mai iska tana rage wahala, amma guduma ma tana gama aikin. Sai abu biyu da sababbin shiga ke raina wa: sikelin awon mutum na gida, da littafi guda wanda za ka riƙa rubuta nauyin duk abin da ya hau tirela.

Kayan gini, na gida mai tsawon ƙafa 20

Tirela mai aksil biyu (sandar ƙarfen da tayoyi ke maƙale a jikinta) da birki. Busasshen katakon tu-bai-fo na bango da rafta. Filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu na daɓe, da mai rabin inci na bango da rufi. Rodi mai zare na inci biyar bisa takwas da noti da manyan wasa. Ƙarafunan ɗaure rafta da bango. Gam na gini, sukuru, ƙusa. Farantin ƙarfe marar tsatsa na rufe ƙarƙashi. Kumfar hana zafi da sanyi. Ledar bango mai hana ruwa shiga amma tana barin tururi ya fita, da tef ɗinta. Kwanon rufi da sukurunsa mai roba. Tagogi, ƙyaure, waya, bututun ruwa, tanki, fenti.

Maganar katako tana buƙatar tsayawa. A Amurka da katakon fir da danginsa ake aiki, wanda aka busar a inji, tsawon ƙafa 8 bai wuce kilo 4 zuwa 5 ba. Namu na kasuwa sau da yawa ɗanye ne, kuma in iroko ne ko maɗaci nauyinsa yakan kusa ninka wannan. Obeche ba shi da nauyi, sai dai ba shi da ƙarfin riƙe ƙusa, ƙwari kuma suna son sa. Mafita biyu ce. Ko ka sayi katakon da wuri, ka jera shi a inuwa da tsinke a tsakani har ya bushe, ka shafe shi da Solignum saboda gara. Ko kuma ka bar katakon gaba ɗaya, mai walda ya haɗa maka ƙashin gidan da siririn fayif mai kusurwa huɗu. A wurinmu na fi karkata ga na biyun, don masu walda ƙwararru sun fi kafintocin irin wannan gini yawa, gara kuma ba ta cin ƙarfe. Illarsa ita ce yana ɗaukar zafi, za mu zo kan wannan.

1. Fara da wurin ajiyewa da doka

Mutane da yawa sun gama gini sannan suka tarar ba su da inda za su ajiye shi. A yawancin garuruwan Amurka hukuma tana ɗaukar irin wannan gida a matsayin motar yawon shaƙatawa mai ɗakin kwana a ciki, wadda ba a yarda a zauna cikinta dindindin ba. Birnin Fresno na jihar Kalifoniya ya halatta ajiye su a bayan gidaje a 2016, wasu garuruwa suka biyo baya, amma har yanzu kowane gari da dokarsa. A Najeriya ka je ofishin VIO ka ji abin da suke nema na lamba da fitilu, ka kuma yi yarjejeniya a rubuce da mai filin, a gaban shaidu.

Girman da za ka hau titi da shi ba tare da izini na musamman ba, a yawancin jihohin Amurka, faɗin ƙafa 8 da inci 6 ne, tsayi daga ƙasa ƙafa 13 da inci 6. A Turai faɗin mita 2.55 ne, tsayi mita 4. Wannan awon ya haɗa da komai: murfin taya, bakin kwano, har mariƙin ƙofa. Ka bi hanyar da gidan zai bi, ka ɗaga kai ka duba. A unguwanninmu wayoyin wuta da ƙarafunan da ake gittawa a bakin gada sun fi doka tsanani, kuma sau da yawa su ne za su sa ka rage tsayi.

2. Zane da lissafin nauyi

Ɗauki alli ka zana girman gidan a ƙasa, ƙafa 20 da ƙafa 7 da inci 4, don faɗin da zai rage maka a ciki ke nan bayan kaurin bango. Zana gado, kicin, banɗaki. Shiga ciki ka yi tafiya, ka tsuguna, ka shimfiɗa darduma ka ga ko za ka iya sujada ba tare da ƙafarka ta bugi kabad ba. Ka tuna alƙibla tana canzawa duk lokacin da gidan ya canza mazauni, don haka ka bar fili a tsakiya wanda dardumar za ta iya juyawa kowane gefe.

Tsayi kuwa da inci ake rabonsa. Kana da inci 162, wato ƙafa 13 da inci 6 ɗin nan. Saman tirela daga ƙasa zai ci kamar 22, daɓe 5, tsayin ɗaki a ƙarƙashin bene 78, kaurin benen 5, rufi 8. Saura 44. Cire 2 na ko-ta-kwana, benen kwananka ya tashi inci 42 a inda ya fi tsawo, wato za ka zauna a kan katifa amma ba za ka miƙe tsaye ba. Wanda gwiwa ke damunsa, ko wanda ke zaune a ƙasa mai zafi, gara ya bar benen ga kaya ya kwana a ƙasa, don zafin gidan duk can sama yake taruwa.

Yanzu nauyi. Aksil da ake sa wa irin wannan tirela kala uku ne: mai ɗaukar kilo 1,600, mai 2,360, da mai 3,175 ko kusa da haka. Biyu na tsakiyar sun ba ka kilo 4,700, kuma ita kanta tirelar za ta cinye kusan 1,000 a ciki. Abin da ya rage shi ne na gini, da kayanka, da ruwa, da tukwane. Filawud mai kauri ɗaya yana kai kilo 28, mai rabin inci kusan 19. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka rubuta komai a littafin nan tun a kan takarda, ka bar aƙalla kashi 10 cikin ɗari babu komai a kai.

Rabon nauyin ya fi jimillarsa muhimmanci. Kusan kashi 60 cikin ɗari ya kasance gaban tsakiyar tayoyi, ta yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyin duka zai sauka a wuyan tirela, inda take haɗuwa da mota. In baya ya fi nauyi, tirelar za ta fara kaɗa gindi hagu da dama da zarar ka ɗan taka mota, kuma wannan kaɗawar ce ke kifar da mutane. Haka hagu da dama: kada firji, batir, tanki da kicin su taru a gefe ɗaya. Manyan kaya su zauna ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyi.

3. Tirela

Ita ce harsashin gidan, kuma ita kaɗai ce ba za ka iya canzawa ba bayan an gama. Nan ne bai kamata ka yi tsumulmula ba. In sabuwa za ka saya, nemi wadda aka ƙera don gida, mai shimfiɗaɗɗen sama da fiffiken ƙarfe a gefe inda bango zai zauna. In ta hannu ce, shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Ƙwanƙwasa ƙarfen: mai lafiya yana ƙara, wanda tsatsa ta ci yana amsawa a dushe. Duba walda a wuya da inda sifirin ke maƙale. Tsohon shasin motar yawon shaƙatawa kada ka kusance shi, an yi shi ne don bodi marar nauyi.

In mai walda ne zai haɗa maka, ka saya masa aksil da sifirin da tayoyin da aka rubuta nauyinsu a jiki, ka tsaya a kansa ranar da zai ɗaura aksil ɗin. Auna daga tsakiyar wuya zuwa bakin aksil na hagu, ka auna na dama. In sun bambanta ko da rabin inci ne, tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Birki a kan tayoyin tirela dole ne, ba ado ba ne.

Kai ta wurin aiki, ka ɗora ta a kan jak huɗu, ka daidaita da filam ta kowane gefe. Kullum da safe ka sake dubawa kafin ka fara aiki. Bangon da aka tsayar a kan tirela mai karkata, ranar da aka daidaita ta shi ne zai karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa.

4. Daɓe

Rufe ƙarƙashin shasin da farantin ƙarfe marar tsatsa, ka toshe kowace kafa. Shi ne zai tare ruwan da taya ke watsawa, da ɓera. Cika tsakanin ƙarafunan da kumfa, ka shimfiɗa katakon daɓe, ka ɗaure shi da shasin da noti. Kafin ka rufe, huda inda bututun shawa da na kicin za su fita, ka tabbata ba su faɗa kan ƙarfen shasi ko aksil ba. Sannan filawud mai kauri, da gam da sukuru. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon ya zo ɗaya, daɓen ya miƙe.

5. Bango

A kwance ake haɗa bango, a kan daɓen, sannan a ɗaga. Jera tu-bai-fo a tazarar inci 16, ko 24 in kana neman rage nauyi. Duka biyun suna dacewa da faɗin filawud na ƙafa 4. Sama da kowace taga da ƙofa ka sa katako mai kauri da zai ɗauki nauyin rufi. Dogayen bango biyu ake fara ɗagawa, kuma aikin mutum uku ne zuwa huɗu. Tokare su da katako har sai gajerun sun shiga.

Sai ɗauri, wanda shi ne ya raba wannan gini da na ƙasa. Rodi mai zare zai ratsa katakon ƙasan bango ya ratsa ƙarfen shasi, a kowace kusurwa, da kuma duk bayan ƙafa 4 zuwa 6, da babbar wasa a sama don kada notin ya nutse cikin katako. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe gidan da ake taka wa birki. In ƙashin na ƙarfe ne, walda kai tsaye a kan shasi ta wadatar, amma a sa ƙarfen gicciye a kowace kusurwa.

Lulluɓe waje da filawud mai rabin inci. Shafa gam a kan kowane katako, ka buga ƙusa duk inci 6 a baki, duk inci 12 a tsakiya, ka bar 'yar tazara kamar kaurin ƙusa tsakanin allo da allo saboda kumburi. Wasu suna tsallake gam don su yi sauri. Ni ban yarda da haka ba, don gam ɗin ne ke mayar da bangon abu guda, girgiza ba ta samun inda za ta sassauta shi.

6. Bene da rufi

Katakon bene yana ɗaure dogayen bango biyu, don haka yana da amfani ko ba za a kwana a kai ba. Rufi mai gangara ɗaya ya fi sauƙin yi, ya kuma fi ba da fili a sama. Mai tozo a tsakiya ya fi kyau a ido. Kowane rafta ka ɗaure shi da bango da ƙarfen ɗauri. Filawud, leda, sannan kwano. Sukurun kwano ka matse shi har robar ta kwanta, kada ta fashe. Bakin kwanon da ke fuskantar mota shi ne iska ke fara kamawa: lanƙwasa shi ƙasa, ka ninka yawan sukuru a wurin. Kada kwanon ya leƙo gefe fiye da inci ɗaya ko biyu, in ba haka ba ka wuce faɗin doka.

7. Leda, tagogi da ƙyaure

Yawancin gidajen da na ga sun lalace, ta taga ruwa ya shige su. Dokar ita ce ta ɗaurin jinka: daga ƙasa ake farawa, na sama ya hau kan na ƙasa. Haka za ka naɗe ledar bango. A bakin taga, tef na ƙasa ne farko, sai ka sa tagar, sai tef na gefe biyu, na sama ya zo ƙarshe, ledar ta sauko ta rufe shi. Ƙasan tagar ta waje kada ka liƙe shi gaba ɗaya, ka bar wa ruwan da ya ɓata hanya mafita.

Gilashin ya zama irin na mota, wanda ke marmashewa in ya fashe. In babu, yi wa tagogin murfin katako da za ka ɗaure ranar tafiya, musamman na gaba, saboda tsakuwa. Luba ba ta dace ba, tana zubewa a hanya, ƙurar hunturu kuma tana ratsa ta. Sa tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa, da raga saboda sauro. Ta bene ta kai girman da babban mutum zai iya fita ta ciki in gobara ta tare ƙofa.

A waje, kafa siraran katako a tsaye a kan ledar, sannan ka ɗora abin rufin jiki a kansu, falanki ko kwanon aluminiyum. Tazarar da ta rage a baya tana busar da bango, tana kuma rage zafi.

8. Wuta, ruwa da gas

Duk a yi su bango yana buɗe ta ciki. In ba sana'arka ba ce, kira mai wuta. Gidan katako ba wurin koyo ba ne. Waya mai silili da yawa ta fi mai ƙwaya ɗaya jure girgiza. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, duk inda ta ratsa katako a rufe da ɗan farantin ƙarfe don kada ƙusa ta same ta. Shasin ma a haɗa shi da wayar ƙasa. Ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe.

Sola da lissafi ake sayenta. Misali: ƙwai huɗu masu wat 5 na awa 5 sun ci wat-awa 100 (wato wat sau awa), fanka biyu masu wat 25 na awa 10 sun ci 500, ƙaramin firji kamar 600, cajin waya da kwamfuta 200, famfon ruwa 50. Jimilla wajen 1,450 a rana. Faranti na wat 600 zuwa 800 da batirin litiyum mai bolt 24 da amfiya 100 za su riƙe wannan. Batirin nan bai fi kilo 25 ba, alhali manyan batira biyu masu ruwa za su haura kilo 120. In su kaɗai aljihunka zai iya, sa su a akwati mai shan iska, daidai saman tayoyin tirela. Na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai za ta ninka lissafin nan sau da yawa.

Bututun ruwa ya zama mai lanƙwasuwa, PEX, ko PPR wanda ya fi samuwa a kasuwanninmu. Na roba mai tauri da ake haɗawa da gam yana tsagewa a gaɓa. Cika bututun da ruwa, ka bar shi ya kwana, ka bi kowace gaɓa da busasshen tsumma. Tankin lita 200 kilo 200 ne. Mafi sauƙi shi ne ƙaramin tanki a ciki, babba a waje a kan ƙarfe.

Tukunyar gas a waje take zama, cikin akwati mai huji a ƙasa, a kan wuyan tirela. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, don haka na'urar jin warinsa kusa da daɓe ake sa ta. Gwada kowace gaɓa da ruwan sabulu. Kumfa ta tashi, akwai yoyo. Ka sa na'urar gano hayaƙi da ta iskar nan mai kisa marar wari, da abin kashe gobara a bakin ƙofa. Gawayi ko janareta a cikin ɗaki irin wannan, ko na minti goma, kada ka yarda.

9. Maganin zafi da rufin ciki

Yanka kumfa ta shiga tsakanin katako dam-dam, ka toshe gefe. A rufi ka sa mafi kauri. A ƙasashe masu sanyi ana ƙara ledar hana tururi ta ciki. A ƙasar zafi abin da ke aiki shi ne farin kwano, tazarar iska tsakanin kwano da kumfa, da inuwa. Mai ƙashin ƙarfe ya shimfiɗa kumfa ta rufe ƙarfen ta waje gaba ɗaya, in ba haka ba kowane fayif zai riƙa shigo da zafin rana cikin ɗaki. In kumfar gini ta yi wuyar samu, allunan da ake haɗa ɗakin sanyi da su suna yi, ga su ba nauyi.

Ta ciki, siririn filawud ko falanki, silin na roba ko na katako. Tayil, filasta da silin POP ka manta da su: ga nauyi, ga tsagewa tun a tafiyar farko. Daɓe ledar ƙasa mai kauri ta isa. Kabad ka ɗaure shi da katakon bango, kowace ƙofarsa da sakata.

10. Banɗaki

Masu irin wannan gida a Amurka da yawa bokiti suke amfani da shi a cikin akwati: a rufe bayan gida da garin katako, fitsari ya bi wata hanya dabam, ƙaramar fanka tana fitar da iska ta bututu. Tsarin yana aiki ne muddin cikin bokitin a bushe yake, mu kuwa da ruwa muke tsarki. Don haka ka sa akwatin dab da tiren shawa, tsarki da alwala su kasance a kan tiren, ruwan ya fita ta bututunsa. In za ka daɗe a wuri ɗaya, haƙa ƙaramin sokawe ka sa masai na ruwa, ko ka gina banɗakin a waje gaba ɗaya, ka sami ƙarin fili a ciki. Tiren shawa ya zama guda ɗaya marar gaɓa, fanka mai fitar da tururi kuma dole ce, nan da kan murhu.

11. Awo da ja

Loda kayanka yadda za ka yi tafiya, ka kai gidan sikelin manyan motoci. Auna tirelar duka ba a haɗe da mota ba, sannan ka auna abin da ke kan tayoyin tirela kaɗai tana haɗe da mota. Bambancin shi ne nauyin wuya. In jimillar kilo 4,000 ce, wuya ya kama tsakanin 400 da 600. In bai kai ba, matsar da kaya gaba.

A Amurka da manyan a-kori-kura irin Ford F-250 ake jan wannan nauyi. Hilux, ko sabuwa ce, iyakarta kilo 3,500, tsofaffin ba su kai haka ba. Duba littafin motarka. Tunda ba kullum ake tafiya ba, hayar babbar mota ranar ƙaura ya fi sayen mota. A cikin gona tarakta ma tana yi.

Zubar da ruwan tanki, rufe gas, sauke duk abin da zai faɗo. Gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin wuya, gwada birki da sigina. Kada ka wuce kilomita 80 a awa, a hanya mai ramuka rabin haka. Buɗe kwana sosai. In tirela ta fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka ja birkin tirela da hannu. Taka birkin mota da ƙarfi yana ƙara rikita ta. Bayan kilomita 80 na farko ka tsaya ka sake ɗaure notin taya, ka taɓa cibiyar kowace taya ka ji ko ta yi zafi fiye da 'yan uwanta.

12. Zama

Zaɓi wuri mai tudu, dogon bango ya kauce wa ranar yamma. Sa wa tayoyi waigi, ka ɗora shasin a kan jak ko bulo da faffaɗan katako a ƙasa, ka daidaita da filam. Yi matakala mai faɗi. Kafa rumfa a gaban ƙofa tun makon farko, domin rabin rayuwar gidan a nan za ta kasance: baƙi, shan iska, wanki, da duk girkin da ke da hayaƙi ko suya. Wanda ke da iyali ya kewaye gaban da zana ko kwano, don ƙofar tana buɗewa ne kai tsaye cikin ɗakin kwana.

Gidan yana ɗaukar mutum ɗaya cikin walwala, biyu in suna da haƙuri da juna. Da yara sun fara tasowa ya yi kaɗan. Kaya kuwa, duk abin da ya shigo sai wani ya fita, kuma ka ci gaba da rubutawa a littafin nauyi, don buhun shinkafa da keken ɗinki da littattafai suna taruwa ba ka sani ba. Numfashin mutum biyu da tururin tukunya sun isa su jiƙa gilashi a ɗaki mai wannan girma, saboda haka taga ɗaya ta kasance a ɗan buɗe kullum, fanka kuma tana aiki duk lokacin girki da wanka.

Kafin damina ka hau rufi ka duba robar sukuru da bakin tagogi. Bayan kowace tafiya ka shiga ƙarƙashi da sifana ka bi notin da ke riƙe bango. Kada ciyawa ko tulin ƙasa su taɓa katako, nan gara ke samun hanya. Tayoyi ka rufe su daga rana, ka riƙa duba iskarsu ko ba ka zuwa ko'ina, don tayar da ke tsaye tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. In ta haura shekara biyar zuwa shida, canza ta kafin ka sake hawa titi.